Ordinatar Ba Ta Mutu Ba, Tafintanta Ne Ya Rikice

Garin Filinge, babban garin ƙasar Kurfai a cikin jihar Tilaberi, yana kwance a Dallol Boso, wajen kilomita 180 arewa maso gabas da birnin Yamai. Tun da can an san ƙasar da noman hatsi da wake, da kiwon shanun Azawak waɗanda gandun kiwo na Tukunus ya shahara da su. An kuma san mazajenta da fita cin rani zuwa biranen bakin teku da zarar an gama girbi. A da, tsarabar ɗan cin rani ba ta wuce turmin atamfa da keke da akwatin rediyo. Yau kuwa, a cikin kayan da ake saukewa a tasha har da kwamfutar tafi-da-gidanka, wadda jama'a suka fi kira ordinatar.

Yawancin waɗannan na'urori ba sababbi ba ne. Sun yi shekaru suna aiki a ofisoshin Turai da Amurka kafin a sallame su, a ɗauko su a jiragen ruwa, su bi hannun ƴan kasuwa har su iso Yamai, daga can su bazu cikin garuruwa. Magidanci yakan sai da maraƙi ko buhunan wake domin ya saya wa ɗansa da ke lise ko jami'a. Malamin lakkol yakan yi wata da watanni yana tarawa daga albashinsa. Sakataren ƙungiyar manoma kuwa, a cikinta yake ajiye sunayen membobi da lissafin iri da taki. Saboda haka ranar da ta samu matsala, gida duka ne ke shiga damuwa.

Matsalar da ta fi tada hankali takan zo ne da maraice, sa'ad da samari suka taru a fada suka ce bari su taɓa wasan ƙwallo a na'urar. Da buɗe wasan sai allo ya yi baƙi ƙirin, ko hoto ya daskare wuri ɗaya, ko wasan ya rufe kansa ya bar wani ɗan rubutu da Faransanci ko Ingilishi. Wani lokaci allon duka ya koma shuɗi, na'ura ta mutu ta sake tashi. Nan da nan gardama ta kaure: uba ya ce wasa ya kashe masa dukiya, yaro ya rantse bai taɓa kome ba, a ƙarshe a nufi wajen mai gyara. Idan aka yi rashin sa'a aka faɗa hannun wanda bai ƙware ba, magani ɗaya ya sani, shi ne ya share duk abin da ke ciki ya sake zuba Windows, abin da suke kira formate. Takardun shekara da shekaru su tafi, kuɗi su tafi, kuma da an sake buɗe wasan cutar ta dawo yadda take, domin ba a taɓa tushenta ba.

Mene ne pilot?

Tsofaffin Kurfai suna tune da zamanin da komandan bariki ba ya jin Hausa, talakawa kuma ba sa jin Faransanci, sai tafinta ya tsaya tsakani. In tafinta ya iya aikinsa, magana takan isa yadda aka faɗe ta. In ya rikice, sai a hukunta marar laifi. Haka al'amarin yake a cikin ordinatar.

Akwai wani ɓangare a cikinta wanda aikinsa shi ne zana hoto a kan allo, wato katin hoto. Kamfanoni 3 ne suka mamaye ƙera shi: Intel, da NVIDIA, da AMD wanda ya sayi kamfanin ATI a shekarar 2006. Wasa ba ya magana da wannan kati kai tsaye. Yakan miƙa buƙatarsa ta wata hanya da masu ƙira suka yarda da ita, mafi yawa DirectX wadda kamfanin Microsoft ya fito da ita a 1995, ko OpenGL wadda ta riga ta fitowa tun 1992. Daga nan sai wata ƴar manhaja ta karɓi saƙon ta juya shi zuwa yaren da katin yake ji. Ita ce Faransanci ke kira pilote, masu Ingilishi kuma suke ce mata direba. To, wannan shi ne tafintan.

Buga wasiƙa ko lissafin kuɗi ba ya neman wani abu mai yawa daga katin hoto. Wasa kuwa yana so a zana masa sabon hoto sau 30 ko sau 60 a cikin daƙiƙa ɗaya, da ƴan wasa suna gudu, da inuwa, da ciyawar fili. Shi ya sa na'ura takan yi watanni tana aikin ofis lafiya lau, amma ranar da aka ɗora mata wasa sai aibinta ya fito. Cutar tana nan tun farko, wasan ya tona ta ne kawai.

Tun daga Windows Vista, wadda ta shiga kasuwa a 2007, Microsoft ya sa wani mai gadi a cikin tsarinsa. Idan katin hoto ya yi daƙiƙa 2 bai amsa kira ba, Windows takan tsai da pilot ta sake tada shi. Wannan ne dalilin da allo yakan yi baƙi na ɗan lokaci, sa'an nan ya dawo da sanarwar cewa pilot ya daina amsawa amma an farfaɗo da shi. Idan farfaɗowar ta gagara, sai shuɗin allo ya bayyana, wanda a sababbin fitowar Windows 11 ya koma baƙi tun 2025, ɗauke da kalmomin VIDEO_TDR_FAILURE da sunan wani fayil. In an ga nvlddmkm.sys, pilot na NVIDIA ne ya faɗi, in atikmpag.sys ne, na AMD. In kuwa igdkmd64.sys ne, na Intel. Ashe na'urar da kanta tana faɗin inda ke mata ciwo.

Karatu shi ne magani na farko

Tun da aka kafa ma'aikatar yaƙi da jahilci a Nijar a shekarar 1963, ana gaya wa manya cewa wanda ya iya karatu ba a cutarsa a ma'auni ko a takardar haraji. Haka ma a gaban ordinatar. Duk wanda ya san haruffan boko yana iya kwafe saƙon da ya fito a allo harafi bayan harafi a cikin littafinsa, ko da bai san ma'anarsa ba, ko kuma ya ɗauki hotonsa da salula. Sai ya ƙara da rubuta sunan wasan, da minti nawa aka yi kafin matsalar ta zo, da abin da aka canja a na'urar a kwanakin baya. Mai gyara na ƙwarai, in aka miƙa masa wannan takarda, an rage masa rabin aiki.

Abu na biyu, kafin a taɓa kome, a kwashe muhimman takardu a zuba su a kile ko a wata ma'ajiya daban. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Abu na uku, mai na'ura ya san irin katin da ke cikinta. Ana danna maɓallin Windows tare da harafin R, a rubuta dxdiag, a shiga shafin Affichage. Nan za a ga sunan katin, da lambar pilot, da ranar da aka yi shi. Ana kuma iya buɗe Gestionnaire de périphériques a duba layin Cartes graphiques. Idan abin da aka gani shi ne Carte vidéo de base Microsoft, to babu pilot na gaskiya a na'urar ke nan, sai na wucin gadi wanda Windows ke sawa domin kada allo ya zauna babu hoto. Wannan yakan faru sosai bayan an yi formate, kuma wasannin zamani ba sa tafiya da shi. Idan kuwa an ga wata ƴar alama rawaya kusa da sunan katin tare da lamba 43, ma'anarta Windows ta dakatar da katin saboda ya ba da rahoton matsala, kuma laifin yana iya zama na pilot ko na katin kansa.

Matakan gyara

Ƙa'idar da ke kan gaba ita ce a canja abu ɗaya, a gwada wasan, kafin a wuce zuwa na gaba. Wanda ya haɗa magani 5 ya sha a lokaci ɗaya ba zai san wanda ya warkar da shi ba, ba zai kuma san wanda ya ƙara masa ciwo ba.

Idan allo ya daskare, kafin a kashe na'ura da ƙarfi sai a danna maɓallan Windows da Ctrl da Shift da B tare. A Windows 10 da 11 wannan yakan sake tada pilot, allo ya ƙifta ya dawo.

Idan babu pilot na gaskiya, ko wanda ke ciki ya tsufa ƙwarai, sai a nemo wanda ya dace. A ƙarƙashin na'ura akwai takarda mai lambar ƙirarta. Da wannan lamba ake zuwa shafin intanet na kamfanin da ya ƙera ta, ko HP, ko Dell, ko Lenovo, domin sau da yawa sukan daidaita pilot ga irin ƙirar tasu. In ba a samu a can ba, sai a nufi shafin mai katin, wato Intel ko NVIDIA ko AMD. A lura da irin Windows da ke ciki, mai bit 32 ce ko mai bit 64, domin pilot na ɗaya ba ya shiga ɗayar. Wasu pilot suna kai ɗaruruwan megabayit, kuma inda rezo ba shi da ƙarfi saukarsu takan cinye kuɗi da haƙuri. Dabara ita ce a ba mai zuwa Yamai kile da takardar da aka rubuta lambar ƙira, ya sauko da shi a can. Kwafi ɗaya ya ishi duk masu irin wannan na'ura a gari. Amma a guji tarkacen pilot da ke yawo daga kile zuwa kile ba a san asalinsu ba, da manhajojin da ke alkawarin gyara kome da dannawa ɗaya, domin ta nan ƙwayoyin cutar kwamfuta suke shiga.

Sabon pilot ba kullum ya fi tsoho ba. Idan wasa yana tafiya lafiya jiya, yau kuma ya ƙi bayan Windows ta sabunta kanta, sai a koma Gestionnaire de périphériques, a buɗe katin, a shiga shafin Pilote, a danna Restaurer le pilote domin a dawo da na da.

Idan an zuba pilot bisa pilot har sun cakuɗe, sai an share wurin tas. Ana tada na'ura a Mode sans échec, a cire tsofaffin da wata manhaja ta kyauta mai suna DDU, a katse intanet domin kada Windows ta riga mutum zuba nata, sa'an nan a girka wanda aka tanada a sake tada na'ura.

Wasu na'urori suna da katin hoto 2: ƙarami na Intel mai tattalin batir, da babba na NVIDIA ko AMD domin aiki mai nauyi. NVIDIA ya fito da tsarin da ke sauyawa tsakaninsu, mai suna Optimus, a shekarar 2010. Yakan faru wasa ya kama ƙaramin ya bar babban yana barci. A irin wannan hali dole kowane kati ya samu nasa pilot, a fara da na Intel. Daga nan a shiga Paramètres graphiques, a zaɓi wasan, a ba shi matsayin aiki da cikakken ƙarfi, a kuma jona sharja, domin a kan batir na'ura takan rage gudunta.

Akwai kuma saƙonnin da ba su shafi pilot ba ko kaɗan. Tsofaffin wasanni sukan ce ba su ga d3dx9_43.dll ba. Wannan ɓangare ne na DirectX 9 wanda sababbin Windows ba sa zuwa da shi, kuma maganinsa shi ne a girka ƙunshin DirectX na watan Yuni 2010 daga shafin Microsoft. Kada a je a tsinto fayil ɗin shi kaɗai daga wani shafi, domin in aka cakuɗa na bit 32 da na bit 64 sai wani sabon saƙo ya fito mai lamba 0xc000007b.

Inda tafinta ba shi da laifi

Akwai abin da pilot ba zai iya ba, kome sabuntarsa. Na'urori irin su HP EliteBook 8460p, da Dell Latitude E6420, da Lenovo ThinkPad T420, waɗanda suka fito a 2011 kuma suna da yawa a kasuwar kayan gwanjo, idan ba a ƙara musu wani kati ba, Intel HD Graphics 3000 ne ke cikinsu. Iyakar abin da wannan kati yake ji shi ne DirectX 10.1, kuma Intel bai sa shi cikin katunan da yake tallafa wa a kan Windows 10 ba. Wanda ya biyo bayansa a 2012, HD Graphics 4000, shi ne ya fara jin DirectX 11, ko da yake ƙarfinsa kaɗan ne. A ɗaya gefen kuma, wasan FIFA 15 na shekarar 2014, da PES 2018, da waɗanda suka biyo bayansu, duka DirectX 11 ko sama da shi suke nema. Ɗora su a kan katin 2011 kamar ɗora wa jaki kayan raƙumi ne. Amma PES 2013, wanda ke aiki da DirectX 9, yakan tafi a kan irin waɗannan na'urori. Saboda haka kafin a zuba wasa a karanta abin da yake buƙata, a gwada da abin da dxdiag ya nuna. Idan katin yana kan iyaka, a rage girman hoto zuwa 1280 da 720, a sauke ingancin inuwa. Tun da katin Intel daga ƙwaƙwalwar na'ura yake aro, ƙara ta daga gigabayit 4 zuwa 8 yakan taimaka.

Sai zafi da ƙura, waɗanda mutumin Kurfai ya fi kowa saninsu. Yawancin kamfanoni sun rubuta cewa na'urorinsu su yi aiki a wurin da zafinsa bai wuce digiri 35 ba. A Filinge kuwa, cikin watannin Afrilu da Mayu, zafin rana yakan haura 40 ko a inuwa. Ƙwaƙwalwar na'ura in ta doshi digiri 100 takan rage gudu domin ta tsira, in abin ya ci gaba ta kashe kanta. Hazon hunturu kuma yakan bar ƙura ta toshe fanka da ƙofofin iska, balle in ana ɗora na'ura a kan katifa ko tabarma ko yashi. Alamar wannan cuta ita ce wasa ya fara lafiya, bayan ƴan mintoci fanka ta yi ta kuka, hoto ya fara yankewa, daga baya ya tsaya. A nan sake pilot sau 10 ba zai amfana kome ba. Abin da ake buƙata shi ne mai gyara ya buɗe ta ya share ƙurar, ya sake shafa man da ke ɗauke zafi tsakanin ƙwaƙwalwa da ƙarfen sanyaya, a riƙa ɗora ta a kan katako mai tsabta, a bar wasa sai rana ta yi sanyi.

Sharja ma abin dubawa ce. Na'urar da aka ƙera domin wat 90, in aka jona mata ta wat 65 ko ta jabu, ba za ta samu isasshen ƙarfi ba lokacin da wasa ya yi nauyi, kuma na'urorin Dell sukan rage gudu da gangan in ba su gane sharjar ba. Araha ba ta ado.

Daga ƙarshe akwai mutuwar katin kansa. Idan layuka masu launi ko ɗigo-ɗigo suna bayyana tun lokacin da tambarin kamfani ya fito, kafin Windows ta tashi, to pilot bai ma fara aiki ba balle a zarge shi. A jona na'urar da akwatin talabijin ta wayar HDMI ko VGA. In hoton talabijin ya fito tsaf, allon na'urar ne ko wayarsa suka lalace, kuma ana iya sauya su. In layukan sun bi har can, katin ne. Irin wannan ya taɓa faruwa ga duniya baki ɗaya: a shekarar 2008 kamfanin NVIDIA ya amsa cewa wasu katunansa na na'urorin tafi-da-gidanka suna lalacewa saboda zafi da sanyi da ke sauyawa a kansu, har ya ware wajen dalar Amurka miliyan 200 domin gyara da musanya.

Kira ga ma'aikata da shugabannin ofisoshi

Na'urar gwamnati dukiyar jama'a ce, ba wurin wasa ba, kuma wasan da aka kwaso daga kilen da ya zaga gari yana iya shigo da cutar da za ta cinye rajistar haihuwa ko lissafin ma'aikatar magajin gari. Amma ko babu wasa, wannan matsala ta pilot takan fito wajen zanen taswira, da taro ta bidiyo, da jona na'urar haska hoto a bango. Ya dace kowane ofis ya buɗe littafi da za a rubuta ƙirar kowace na'ura, da katin hotonta, da lambar pilot da ke aiki lafiya a kanta, a kuma ajiye kile ɗaya a akwatin da ake kullewa ɗauke da waɗannan pilot. Kada a ba mai gyara izinin formate sai an ga kwafin takardu da ido.

Masu shirin saye kuma su san cewa Microsoft ya tsai da ranar 14 ga Oktoba 2025 a matsayin ƙarshen tallafinsa na yau da kullum ga Windows 10, alhali Windows 11 ba ta karɓar yawancin na'urorin Intel da suka girmi ƙarni na 8, wanda ya fara fitowa a 2017. Kafin a biya kuɗi, a sa mai sayarwa ya buɗe dxdiag a gaban mai saye, a kuma bar na'urar tana aiki mai nauyi na rabin awa a ga halinta.

Ƙasar Nijar ta fara koyarwa ta talabijin a lakkol tun shekarar 1964, kuma tun wancan lokaci aka gane cewa na'ura ba ta daɗewa a karkara sai da masu kula da ita a kusa. Ya kamata cibiyoyin koyon sana'a da na yaƙi da jahilci su sa wannan ɗan ilimi cikin darussansu, domin saurayin da ya koyi gano cutar pilot saboda son ƙwallo, shi ne gobe zai gyara na'urar asibiti da ta lakkol, ba tare da an ɗauke ta an yi tafiyar kilomita 180 ba. Iyaye kuma, ranar da allo ya yi baƙi, su sa a kawo alƙalami da takarda kafin a ɗauko bulala. Allah ya ƙara wa jama'a sani mai amfani.